Mai Jifa da Bangonsa

Akwai wani mutum da ya tafi wata ƙasa mai nisa inda ake wasan besbol, ya zama mai jifa. Shi zai jefa ƙwallo, wani ya yi ƙoƙarin dukanta da sanda. Da wannan aikin yake ci, ba shi kuwa da kowa a ƙasar sai abokinsa ɗan ƙungiyarsu, wanda ke tsugunawa bayan mai duka yana cafe ƙwallon.

Jifa iri biyu gare shi, mai zafi, wato mai gudu, da mai sanyi. Gwanintar ita ce hannu ya tashi iri ɗaya, amma mai sanyin ya ɗan makara, har mai duka ya kai sanda ƙwallo ba ta iso ba. In tazarar ta yi kaɗan, duk ɗaya ne. In ta yi yawa, mai duka zai gane, ya jira.

Wata rana abokin ya ce masa, "Ɗan'uwa, sanyin nan ya yi yawa. Tun daga kafaɗarka nake gane shi."

Ran mutumin ya ɓaci. Ya ce, "Ni ke jifa. Kai cafewa kawai ka iya."

Daga nan ya koma bayan gida yana jifan bango shi kaɗai. Bango kuwa akwai daɗin zama ga mai girman kai, kome ka jefa masa ba ya cewa uffan. Abokin ya yi ta zuwa har ya gaji, ya koma wata ƙungiya. Kewa ta dami mutumin ƙwarai, amma ya cije.

Ranar da za a zaɓi waɗanda za su ci gaba da wasa, masu duka suka riƙa jiran jifansa mai sanyi suna dirka wa ƙwallo sanda. Aka sallame shi. Ya rasa wanda zai gaya wa, sai ya je ya zauna a gindin bangon.

Ma'anar wannan misali ita ce: jifa biyun nan tsawatawarmu ce da lallashinmu. Dole su fito daga hannu ɗaya, wato ƙauna, kada kuma ɗaya ta yi wa ɗaya nisa har a daina gaskata mu. Amma ba mai ganin jifansa daga gaba. Shi ya sa Ubangiji ya sa mu cikin ikkilisiya, ya ba mu 'yan'uwa masu faɗa mana abin da ba ma so mu ji. In kana da irin wannan ɗan'uwa, ka neme shi yau, tun bai gaji da zuwa ba.