Gorar Irin Inna Marka

Ku gyara zama ku ji wannan, amma ku sani ba kyauta ba ce. Duk wanda ya saurara har ƙarshe, sai ya faɗi hukuncinsa kafin ya tashi.

A wani ƙaramin gari mai nisan ruwa akwai wata tsohuwa, Inna Marka, wadda ke da garka a bayan ɗakinta. Garkar ba ta kai faɗin zaure biyu ba, amma ita ke riƙe da tukunyar miyar gidan: yakuwa, alayyafo, kuɓewa, barkono da tumatir. Sai kuma wata kabewa da 'yan gidan ke kira 'yar Kaka. Ƙarama ce, baƙin kore a waje, ciki kuwa ja kamar gwaiduwar ƙwai, ba ta da ruwa-ruwa, kuma sai ta kai wata damina a ƙarƙashin gado ba ta lalace ba. Inna Marka ta gaji irin daga uwarta, uwar kuma daga tata uwar. Ana adana shi cikin toka, a wata 'yar gora da aka toshe bakinta da totuwa, a rataye ta a ɗaka. A kowane zamani mutum ɗaya ke riƙe da gorar nan, shi ke da garkar.

'Ya'yanta uku ne. Babbar ita ce Tabawa, wadda ta dawo gida bayan rasuwar mijinta. Mai bi mata Hansai, tana aure a wata unguwa can ƙarshen gari. Autansu Tanko, tela ne, yana zaune da iyalinsa a sashen gaba.

Wata kaka ciwo ya kwantar da Inna Marka, aka kai ta asibitin birni, ta daɗe a can. Kabewar bana da ma ba ta yi yawa ba, an cinye ta, saura guda ɗaya da Inna ta tura ƙarƙashin gado. Tabawa ta ɗauka Hansai ce ke duba gorar, tunda ita ce 'yar garka. Hansai ta ɗauka Tanko ne, tunda shi ne namijin gida. Tanko kuwa ya ɗauka wannan sha'anin mata ne. Da Inna ta dawo, tun kafin ta sha ruwa ta ce a sauko mata da gorarta. Ta girgiza, ba ta ji motsi ba. Ta juya ta, sai ga huda a gindi inda ɓera ya shiga, ba abin da ya bari sai toka da ɓawo.

Aka zaga maƙwabtan da ta taɓa ba wa irin. Duk sun shuka shi kusa da kabewar kasuwa, ya gauraye, ya koma fari mai ruwa.

Inna Marka ba ta yi wa kowa faɗa ba. Ta dai kwanta a tabarma a bakin ƙofa, ta juya wa garka baya. In aka kawo tuwo sai ta dube shi ta ce, "Ku ba yara." Likita kuwa ya riga ya faɗa musu maganin da take sha ba zai yi aiki a cikin da babu abinci ba. Ita abin da ke cin ranta ɗaya ne: abu ya ratso hannun mata da yawa lafiya, sai a nata hannun ya mutu.

To, ga abin da kowannensu ya yi.

Tabawa mace ce da ba ta san zubar da abu ba. Ƙanzon tukunya ta shanya shi, tumatir in ya yi yawa ta yanka ta busar, dusa ta akuya ce, abin da ko akuya ta ƙi kuwa yana da rami a kusurwar garka, inda take zuba ɓawon albasa da tokar murhu da ruɓaɓɓen ganye su zama taki. Matar Tanko takan ce ko inuwa ce ta faɗi a gidan nan, Yaya Tabawa za ta tsince ta. Tun Inna na asibiti, ranar da Tabawa ta share ɗakin, ta tarar ɓera ya ƙwaƙule kabewar ƙarƙashin gado, rabinta ya ruɓe yana wari. Aka ce ta jefa a bola. Ta ƙi. Ta yanke ɓangaren da ke da kyau siri-siri ta shanya, ruɓaɓɓen cikin kuma ta binne a raminta, ta kife fasasshen kasko a kai don kada kaji su tone. Ba iri take ceto ba, halinta kawai take yi. Da aka ga gora wayam ta koma ta tona gefen ramin, ba ta ga komai ba sai baƙar ƙasa, ta haƙura. Amma busasshiyar kabewar nan ita ta riƙa gutsurawa kaɗan-kaɗan tana sakawa a miya, kuma ita kaɗai ce miyar da Inna ke yarda ta kai loma biyu ko uku. Da wannan aka riƙe ranta har rani ya yi nisa.

Tanko shi kuma mutum ne mai tausayin ruwa. A garin nan in bazara ta kama, rijiyoyi sukan ja baya, sai an bi layi mai tsawo. Ya kafa wata tsohuwar randa a tsakar gida, ya ce duk ruwan alwala da na wankin hatsi da na ɗaurayar ganye a ciki za a zuba, ban da mai sabulu. Kullum kafin ya tafi shago sai ya kwashe ya kai bayan ɗaki ya kwarara a ramin Tabawa, don takin ya ruɓe da wuri. Ruwan nan ne ya tayar da abin da ke kwance. Wata safiya ya ga tsirrai sun leƙo ta gefen kasko. Bai san ko mene ne ba, amma ya sari ƙaya ya kewaye wurin saboda awaki. Da zafi ya tsananta ya samo tulu mai tsaga ya binne kusa da su, yana cika shi, ruwa na tsattsafowa a hankali zuwa saiwa. Akwai ranakun da ya tafi shago da wankan rabin bokiti don tulun nan ya cika.

Hansai kuwa ido gare ta. Tun tana ƙarama take bin Inna cikin garka. Ta zo duba jikin uwarta, ta zaga baya, sai ta tarar da Tanko a tsugunne yana cire tsirran da ya ga sun yi yawa, hannunsa a kan wani mai faɗin ganye.

"Auta, sake shi!"

"Duma ne fa, Yaya. Zai shanye wa tumatir ruwa."

"Duma a gidanku. Kai dai tsaya kan keken ɗinkinka."

Ta shafa ganyen, ta ji kaushi, ba laushin duma ba. Ta murza ta shinshina. Ta ga farin zane yana bin jijiyar ganyen kamar an ɗiga nono. Kabewar kasuwa ba ta taɓa shiga tukunyar gidan nan ba, don haka abu ɗaya ne zai iya zama. Ta ce kada a gaya wa Inna tukuna, kada a ɗaga mata rai a banza. Kabewa ta yi yaɗo, ta yi fure, amma furannin suka riƙa zubewa ba ɗa, don ƙudan zuma sun yi ƙaranci a zafin nan, 'yan kaɗan da ke zuwa kuma daga lambunan bakin madatsar ruwa suke, inda ake noman ta kasuwa. Sai Hansai ta riƙa zuwa da yamma tana ɗaure bakin furen mace da zare tun bai buɗe ba. Da sassafe ta sake ratso gari a ƙafa, ta tsinko furen namiji, ta kwance zaren, ta goga masa garin a ciki, ta mayar ta ɗaure. Uwarta ta taɓa nuna mata wannan sau ɗaya tak, tana yarinya. Furanni da dama suka faɗi duk da haka. Ɗaya ya kama.

Inna Marka tana kwance tana jin komai. Ta ji ƙarar bokitin Tanko yana wucewa, ta ga Hansai da ba ta saba sammako ba tana sallama tun rana ba ta fito ba, ta lura in ta buɗe ido sai magana ta yanke. Ta ɗauka shirin mutuwarta suke yi, ba ta tambaya ba.

Ana gab da saukar ruwan farko suka shigo su uku, Tabawa na riƙe da abu a cikin zane. Ta ajiye a gaban tabarma ta buɗe. Inna ta daɗe tana kallo. Ta miƙa hannu ta ƙwanƙwasa da yatsa, ta saurara. Sannan ta ce, "Ku ba ni wuƙa, kada wani ya taɓa." Da kanta ta tashi zaune ta fasa. Ciki ja kamar gwaiduwa. Ta kwashe 'ya'yan ɗaya bayan ɗaya a faifai kafin ta bari a ɗauki naman. Ranar aka yi miyar taushe da yakuwar garka, Inna ta cinye malmala guda ta ce a ƙaro.

Da ta sami ƙarfi, ta sa aka samo sabuwar gora, ta tankaɗe toka, ta zuba irin, ta tara su.

"Iri kowa zai samu ya shuka," in ji ta. "Amma gora da garka hannu ɗaya za su shiga. Ku uku kuka duba waccan, shi ya sa ɓera ya duba muku ita."

Tanko ya sosa ƙeya. "Inna, ai ni na shayar da ita."

"Kai da ka so tumɓuke ta?" in ji Hansai.

"Ke kuma bokiti nawa kika ɗauka, Yaya? Zare kawai kika kawo, shi ma a shagona kika ɗiba."

Tabawa ta ce, "Ku yi ta yi. Da na bi ta taku, da tana cikin tumbin akuyar maƙwabta."

Inna Marka ta yi dariya, karo na farko tun dawowarta, sannan ta ɗora gora a cinya. Ta dubi Tabawa: ba don hannunta da ba ya zubarwa ba, da babu ƙwaya ko ɗaya da ta rage a duniya, da Inna kanta ba ta kai ganin wannan rana ba, amma Tabawa ba ta san abin da ta binne zai tashi ba. Ta dubi Tanko: ba don ruwan da ya hana kansa ba, da ƙwayar ta mutu a ƙasa ba wanda ya sani, amma bai gane abin da yake raino ba, kuma gorar nan ba ta taɓa shiga hannun namiji ba. Ta dubi Hansai: ba don idonta da zarenta ba, da an cire tsiron, ko ya yi fure ya zube, ko ya haifi fara mai ruwa, amma gidanta na ƙarshen gari, garka kuwa kullum take son a leƙa ta.

Hadari ya haɗo daga gabas, lokacin shuka ya yi, gora na cinyar Inna har yanzu.

To, ku da kuka ji: Tabawa, Tanko ko Hansai, wa za ta miƙa wa?