Yatsa Shida a Bakin Bindiga

Ranar Laraba ce, hadari ya haɗu a gabas tun hantsi amma bai zubo ba. Tunau, wanda aka naɗa Sarkin Baka bayan rasuwar mahaifinsa Jatau, ya shiga maƙerar Baba Korau da sabuwar bindiga a kafaɗa. Ya gaishe shi, ya ajiye ta a kan buzu.

"Baba, so nake ka naɗe mini ƙarfenta da waya. Gobe zan ba ta yatsa shida."

Maharban wajen haka suke auna albarushi. In an zuba shi sai a zura sandar ɗuri, abin da ya rage na sandar a waje a gwada shi da yatsu. Jatau huɗu yake ɗurawa har ya bar duniya, ɗansa kuma bai san wani awo ba. To, wani ƙaton gyado ya addabi gonakin rogon garin. Sau uku Tunau yana samunsa a fili, sau uku yana kuskure. Mata a bakin rijiya har sun fara cewa gyadon ƙiba yake ƙarawa tun da aka yi naɗin. Dagaci kuma ya ce in Lahadi ta wuce, zai aika a kira maharban wani gari.

Korau ya ajiye laujen da yake wasawa, ya leƙa bakin bindigar, ya ƙwanƙwasa ƙarfen da farce.

"Shida za ta tsaga ta. Ta tafi da hannunka na hagu."

"Shi ya sa na ce waya."

"Zauna. Halinka ɗaya da Nomau."

"Wane Nomau kuma?"

Tsohon ya gyara zama, ya ce ga yadda abin ya kasance.

A can kudu, gindin wani dutse, an yi wani maharbi mai suna Nomau. Ya sayar da bijiminsa ya sayi sabuwar bindiga. Ranar farko ya kuskure gada. Ya dawo gida ya ƙara albarushi, ya sake harsashi, ya sake tsumman da yake toshewa da shi, ya kuma karɓo laya ya ɗaura a ƙota. Kashegari ya sake kuskure, ya sake juya komai. In ya dace, bai san abin da ya gyara ba. In ya kuskure, bai san abin da ya ɓata ba.

Wata rana ya tarar da wani tsohon gwaggon biri a kan dutse yana cin ɗinya. Ya saita shi, birin yana kallonsa bai ko motsa ba. Ya harba, sai ganye suka zubo daga can ƙolin itace.

Birin ya tofar da ƙwallo ya ce, "Sannu da aiki, malam maharbi. Duk dajin nan babu wuri mai aminci kamar inda ka saita. Sai dai shekaranjiya ka harbi barewa, ka gutsure wa matata wutsiya, alhali tana bisa reshe ba ruwanta. Bari in ba ka labarin abin da na gani, ko ma san inda za mu riƙa tsayawa."

Nomau ya ce yana ji.

Birin ya ce, "A bakin kogin can akwai maginan tukwane biyu, ya da ƙanwa, Tabawa da Kyauta. Wata shekara ruwa ya cinye ramin da uwarsu ke haƙo yumɓu, suka koma wani sabo. Suka kwaɓa shi yadda uwarsu ke kwaɓawa, suka gasa, tukwanen suka tsattsage. Tabawa ta ce wuta ce ta yi kaɗan, ta ƙara itace. Suka sake tsagewa, ta sake ƙarawa.

"Kyauta kuwa ƙananan tukwane biyar ta gina. Kowacce da yawan yashin da ta zuba mata, kowacce ta yi mata zane da farce a gindi, ta gasa su a wuta ɗaya. Kasuwa biyu ta wuce ta ba ta kai ko kasko ba, ana ta tambayarta ko wasan yara ta koma. Da ta ƙwanƙwasa su, mai zane uku ce ta yi amo. A kanta ta tsaya.

"Tabawa a karo na uku ta haɗa wutar da sai da na canza bishiyar da nake kai saboda zafi. Tukwane talatin, ina jin fashewarsu ɗaya bayan ɗaya. Ba ta taɓa tambayar sabon yumɓun abin da yake so ba, malam maharbi. Wuta kawai take ƙara masa."

Nan Korau ya ƙare labarin, ya jawo laujensa.

"To, Nomau ya ji?" in ji Tunau.

"Wa ke jin maganar biri? Ya koma gida ya ɗura shida. Bai mutu ba. Amma har ƙarshen ransa wani ke ɗaure masa tazuge."

Tunau ya yi 'yar dariya. "Haba Baba, biri dai da magana?"

"Birin ban gan shi ba. Hannun Nomau na gani. Kawo naka."

Tunau ya miƙa. Tsohon ya haɗe yatsun huɗu ya dube su.

"Yatsun Jatau sirara ne kamar karan gero. Naka kamar rogon da kake gadi. Huɗunka biyar ɗinsa ne, kuma tasa bindigar ta fi wannan kaurin ƙarfe. Buɗe kafaɗarka."

Tunau bai so ba, amma ya janye rigar. Wurin ya yi baƙi, ya kumbura. Kwana huɗu ke nan yana ɓoye wa matarsa.

"Ina harsashin ke bi?"

Tunau bai taɓa tambayar kansa haka ba. Ya tuno harbi na farko, ƙasa ta tashi can bayan gyadon. Na biyu ya fasa reshen kalgo. Na uku ma haka.

"Sama," in ji shi a hankali.

"Shuri take yi, bakinta ya ɗaga. Ƙarfi ya yi mata yawa, kai kuma ka zo ka ƙara."

"Amma awon mahaifina ne."

"Ubanka damina guda ya yi yana harbin kututture kafin ya tsaya a huɗu. Ni nake narka masa dalma. Ka gaji huɗun, ba ka gaji daminar ba."

Sai ya faɗa masa abin da zai yi, a gajarce kamar yadda ya saba. Ya faro daga ƙasa. Harsashi iri ɗaya, tsumma iri ɗaya, nisa ɗaya, ya ɗora bindigar a kan gwafa kada hannu ya yi rawa. Kowane awo harbi uku, ya zagaye gurbin da gawayi. Albarushi kaɗai zai riƙa taɓawa, kaɗan kaɗan. Inda ukun suka taru wuri ɗaya, nan ne awonta. Sai ya yanka ƙahon akuya daidai da shi, ya bar yatsu su huta.

"Wannan ai ya wuce Lahadi, Baba."

"Ya wuce."

"Za su zo su kashe shi a gonarmu, ina Sarkin Baka."

"Za su zo. Za ka sha dariya wata guda, da hannunka biyu."

Tunau ya daɗe yana kallon bindigar a kan buzu. Ya hango mutanen wancan gari suna jan gyadon ta ƙofar Dagaci. Daga baya ya mayar da rigarsa.

"Na ji, Baba. Bar wayar. Zuba mini harsashi goma sha biyar, duk kai ɗaya."

Korau ya tura masa zugazugi da ƙafa.

Da gari ya waye Tunau ya bi ta gonakin rogo. Ga sabon tono, ga sawu, ga gyadon kansa can gefen kunya yana taunar rogo, ko taki talatin bai kai ba. Tunau ya tsaya ya dube shi, ya gyara wani tsohon ƙyaure da ya ɗauko a ka don gwajin harbi, ya wuce. A cikin kwazazzabo ya jingine ƙyauren da gaɓa, ya ƙirga taki arba'in, ya kafa gwafa, ya ɗura yatsa biyu.