Likkafanin da Mahran Bai Gane Ba

A ƙauyenmu kusa da birnin Suhaj an yi wani manomin rake mai suna Mahran, wanda girman kai da riƙo suka yi wa katutu. Baffana Gallab ne ya kashe ƙanen Mahran a rigimar ruwan gona. Ya yi zaman kurkuku ya fito, amma Mahran ya ƙi karɓar ta'aziyya, ya rantse sai ya ga jinin gidanmu. Cikin fargabarsa muka girma. Yayana ko makaranta bai gama ba saboda tsoron hanya.

Asibiti ɗaya ne a ƙauyen, kuma 'yar Gallab ce mai jinya a ciki, don haka Mahran ya haramta wa kansa taka ƙofar. Ciwon huhu ya kwantar da shi, ya kira wanzami aka yi masa ƙaho. Ciwon mafitsara ya zo da zazzaɓi har yana sambatu, ya ce a dafa masa hulba. Matarsa ta roƙe shi har da hawaye.

Ya ce, "Ke Ummu Sabir, ni zan miƙa wa 'yar Gallab hannu ta soka min allura? Gara a kai ni kushewa."

Duk sanda ya tashi daga ciwo, sai ya je wurin mai shayi yana cika baki, wai jikinsa ƙarfe ne.

Da shekaru suka ja, mai jikin ƙarfen ya fara ɓata a hanyar gonarsa. Ɗansa Sabir ya kai shi birni. Likita ya ce ciwon mantuwa ne, tsufa na da hannu, amma cututtuka masu tsanani da aka bari suka yi ta cin jiki suna iya ƙara haɗarin ciwon mantuwa.

Daga baya dattawa suka shirya sulhu. Gallab ya tako ba takalmi, ba rawani, ɗauke da likkafaninsa a hannu kamar yadda al'ada ta tanada ga wanda ya yi kisa yake neman yafiya, ya durƙusa a gaban Mahran, duk gari na kallo. Mahran ya shafa ƙyallen yana murmushi.

"Yadin nan yana da kyau. Bawan Allah, kai ɗan gidan wa ne?"

Allah ya sani ban ji tausayinsa ba. Daɗi na ji har cikin raina.

Mai karatu, kada girman kai ko gaba su hana ka neman magani. Cutar da ka raina yau tana iya dawowa bayan shekaru ta tafi da hankalinka, ta bar maƙiyanka suna kallo.