Faifan Lahadi na Pelenato

A ƙauyenmu da ke gaɓar teku a tsibirin Savai'i, Pelenato ne kakakin gari. In baƙi sun zo, shi ke miƙewa ba takalmi, ya kafa sandarsa a ƙasa, ya yi jawabi da yawunmu. Mutumin kirki ne, amma girman kai ya yi masa yawa, ko mura ba ya yarda a ce yana yi. Jiki kuwa ba a magana, sai an haɗa zani biyu yake samun na ɗaurawa, domin a wajenmu maza ma zani suke ɗaurawa.

Wata rana gyambo ya fito masa a yatsan ƙafa, ya ƙi warkewa. Malamar asibiti ta ce ciwon sukari ne, in bai rage ƙiba ba, to za a yanke ƙafar. Ta tsara masa abinci: rabin faranti ganye, gasasshen kifi, gwaza kaɗan, ban da naman gwangwani da kitsen rago, sannan tafiya kowace safiya. Ya karɓa da zuciya ɗaya, domin kakaki a tsaye yake magana. Sai dai ya ja wa matarsa Fuatino kunne kada kowa ya ji.

Daga Litinin zuwa Asabar yana bin tsarin sau da ƙafa. Lahadi ce matsalar. Bayan an tashi daga coci manya kan zauna cin abinci tare, a ajiye wa kakaki faifan abinci mafi girma, maƙare da naman alade da gwaza cikin madarar kwakwa. Mayar da shi cin fuska ne ga waɗanda suka dafa. Maimakon ya buɗe baki ya faɗi damuwarsa, sai ya cinye tas, washegari ya ƙi cin komai wai yana ramuwa. Ni dai ban taɓa ganin wauta irin wannan ba.

Wata Litinin baƙi suka zo. Yana tsakiyar jawabi da yunwa a cikinsa jiri ya kwashe shi, ya zube gaban kowa. A asibiti aka ga gyambon ya ci gaba, aka cire yatsan.

Yayarsa Sinalei ta same shi a kwance. A wajenmu namiji ba ya tsallake maganar 'yar'uwarsa.

"Kai Pele," ta ce, "kunyar a ce ba ka da lafiya kake ji, amma ba ka ji kunyar kifewa gaban baƙi ƙafafu a sama ba?"

"Yaya, in na mayar da faifai, me masu girki za su ce?"

"Wa ya ce ka mayar? Bakin nan naka da ke rabon nama a kowane biki, faifai ɗaya ne zai gagare shi?"

Lahadin da ya fara fita bayan an sallame shi, aka ajiye masa faifan kamar kullum. Ya gyara murya ya ce, "Jama'a, sukari ya ci min yatsa, ba zan ba shi ƙafa ba." Ya yabi kowace mai girki da sunanta, ya aika da naman gidajen tsofaffi irin yadda yake rabo a biki, ya bar wa kansa kifi da ganye.

Tsoho Alapati ya kece da dariya. "Kakaki ya koma akuya!"

"Akuya mai ƙafa huɗu ce, Baba," in ji Pelenato. "Ni biyun nan nake lallaɓawa."

Abin bai zo da sauƙi ba. Na sha ganinsa da safe yana ɗingisawa a bakin ruwa, gumi na zuba, Fuatino na biye tana yi masa tsiya. Masu girki da kansu suka fara rage masa madarar kwakwa. A hankali zani ɗaya ya ishe shi. Da baƙin nan suka sake zuwa, ya miƙe ya kafa sandarsa kusa da gurbin yatsan, bai ɓoye ba. Wallahi sai da na yi hawaye.

Darasin a fili yake. Tsarin abinci ba ya aiki in ana bin sa yau a karya gobe, kuma yunwar ganganci ba ta biyan abin da aka ci jiya. Wanda ya ɓoye ciwonsa don kunya ya hana mutanensa taimakonsa. Da Pelenato ya yi magana tun farko, da yatsansa na nan.