Hannun da Lamont Ya Tsallake

Akwai wani saurayi a garin Gary ta jihar Indiana, sunansa Lamont Pettway. Allah ya ba shi tsayi, ya ba shi hannu. In ya saki ƙwallon kwando daga nesa, kafin ta shiga raga ya riga ya juya baya, don ya san inda za ta.

Tun yana sakandare 'yan unguwa ke zuga shi, har kansa ya kumbura. Mahaifiyarsa Odessa kaɗai ke taka masa burki.

"Ɗan nan, ƙwallon nan fa mutum biyar ke buga ta."

"Mama, huɗun rakiya suka zo."

Wata jami'a a Kansas ta ɗauke shi karatu kyauta don ya buga mata. Karatun bai dame shi ba. Burinsa ɗaya ne a duniya: ya shiga babbar gasar ƙwararru, ya zauna a cikinta.

Kocinsu, wani tsoho mai sanƙo da ake kira Halvorsen, yana da doka guda da ba ya wasa da ita. Duk wanda ya faɗi a fili ba zai tashi da kansa ba, sai abokan wasansa sun rugo sun ɗaga shi. Ya ce katakon filin in ya sha gumi santsi yake yi, dogon mutum kuma in ya yunƙura shi kaɗai a gajiye, ƙafa kan zame.

Lamont ya yi tsaki. "Koci, ƙwallo na zo bugawa, ban zo renon ƙarti ba."

Abokin ɗakinsa shi ne Cedric Boatwright, ɗan ajin ƙarshe. Ba shi da baiwar Lamont, aikinsa tare hanya da cin duka da miƙa ƙwallo. Wata ƙaramar ƙungiya a Beljiyam ta yi masa alkawarin ɗauka in ya gama, kuma wannan ya ishe shi farin ciki. Duk sanda Lamont ya faɗi, Cedric ne farkon zuwa, yana dariya: "Tashi, maigida, kada a ɓata mana gajeren wandon!"

Lamont kuwa bai taɓa miƙa wa kowa hannu ba. Ko sau ɗaya.

Sai gasar watan Maris ta zo, wadda duk ƙasar ke kallo, masu farautar 'yan wasa sun cika gefen fili. Ana dab da tashi, ƙwallo ta kufce za ta fita waje. Cedric ya yi sufa ya doko ta zuwa hannun Lamont, gwiwarsa ta bugu da katako. Lamont ya zura ta a raga, alƙalin wasa ya busa usur, ɗakin wasan ya kaure da ihu.

Cedric na kwance a gaban Lamont, ya ɗago hannu. Sauran ukun suna can nesa. Lamont ya dubi hannun, wallahi ya gan shi, sai ya ɗaga ƙafa ya tsallake mutumin, ya nufi kyamara yana dukan ƙirji.

Cedric ya dafa ƙasa ya yunƙura da kansa. Ƙafar ta zame a kan gumi, gwiwar da ta bugu ta murɗe gaba ɗaya. Ƙarar da ya yi har 'yan kallon sama sun ji. Zancen Beljiyam ya mutu a wurin.

Aka yi wa Cedric aiki a asibiti. Duk 'yan ƙungiyar suka je, ban da abokin ɗakinsa. Odessa ta kira shi a waya.

"Ka je ka duba yaron nan?"

"Mama, ni na karya shi?"

"Ban ce kai ka karya shi ba. Amma na ga hannunsa a talabijin. Duk 'yan cocinmu sun gani."

Ya kashe wayar.

Ranar da manyan ƙungiyoyi ke zaɓen sababbin 'yan wasa, dangi suka cika falon Odessa, an soya kaji, Lamont ya sha sabuwar kwat. Kowa ya ɗauka cikin na farko za a kira shi. Aka yi ta kiran sunaye, kaji suka huce, baƙi suka fara zamewa ɗaya bayan ɗaya. Sai can kusan ƙarshe aka ambace shi. Wakilinsa mai nema masa ƙungiya ya gaya masa gaskiya: babu ƙungiyar da ba ta maimaita kallon tsallaken nan ba.

Kun ɗauka ya yi hankali? Ina! Cewa ya yi hassada ce.

Ya yi kakar wasa biyu yana ɗumama benci, aka sallame shi. Ya koma ƙaramar gasa, inda ake doguwar tafiya a bas ƙafafu a takure. Daga nan Turkiyya, daga nan wata ƙasar. Ko'ina labarin ɗaya ne: maki ba a magana, amma ranar da zai tafi babu mai raka shi ko bakin ƙofa.

Yana shekara talatin wata ƙungiya ta babbar gasa ta kira shi gwaji na 'yan kwanaki. Shi kansa ya san in wannan ta wuce, shi ke nan.

Yana shiga filin atisaye ya ga wani mataimakin koci yana tahowa da ɗingishi, ƙafa ɗaya a sandare. Ashe Cedric ne.

"Maigida!" in ji Cedric. "Har da furfura? Duniya ta taɓa ka ke nan."

Lamont ya rasa inda zai sa idonsa.

"Ni na matsa a kira ka," in ji Cedric. "Hannun nan naka har yau ban ga irinsa ba. Abu ɗaya nake roƙo. Yaran nan, in ɗayansu ya faɗi, ka miƙa masa hannu."

Kunya ta kama Lamont. Shi kuwa in kunya ta kama shi, rashin mutunci ke fita daga bakinsa.

"Har yanzu kana kan wa'azin tsohon nan?"

Kashegari a atisaye wani ɗan wasa ya faɗi a gabansa. Lamont ya kewaye shi ya wuce. "Tashi, malam, nan ba gadon uwarka ba ne." Sauran suka kalli juna.

Ran Lahadi da rana aka saka shi a wasa. Kai, ranar hannun ya tashi! Duk abin da ya jefa sai ya shiga. Ya fara jin cewa wannan karon ya zauna. Ya tashi sama zai sake jefawa, sai ya ji kamar an hambare shi ta baya. Ya waiwaya, babu kowa. Jijiyar agararsa ce ta tsinke.

Ya zube. Aka busa usur. Ya ɗago hannu sama.

Abokan wasansa huɗu suna tsaye kusa. Ɗaya ya sunkuya yana gyara igiyar takalmi, ɗaya ya kama ƙugu yana kallon allon maki. Hannun Lamont na sama, dubban mutane na kallo, kuma a nan ya fara sanin yadda fili yake da faɗi in kana kwance.

Sai ya ji takun ɗingishi. Cedric ne ya taso daga benci, ya riga ma'aikatan lafiya isowa. Ya kama hannun da nasa biyu, ya tokare, ya ja. Gwiwar ta ƙi. Ta lanƙwashe, ya faɗi a gefen Lamont, fuska kusa da fuska.

"Yi haƙuri, maigida," ya ce yana haki. "Ƙafar ba ta ɗaukar nauyi tun ranar nan."

Lamont ya fashe da kuka, kuma ba zafin ƙafa ne ya sa shi ba.

Ma'aikatan lafiya ne suka kwashe shi a gado. Bai sake buga ƙwallo ba. Yau yana Gary, a ɗakin da ya tashi a gidan Odessa, shi ma yana jan ƙafa. Ya ce ciwon agarar ya daɗe da lafawa. Abin da ya ƙi barinsa shi ne, mutumin da ya tsallake ne ya ba shi haƙuri.

Darasi: Duk baiwar da Allah ya ba ka, kada ka tsallake wanda ya faɗi saboda kai. Wata rana kai ne a ƙasa, kuma mai son ya ɗaga ka yana iya zama wanda ka riga ka raba da ƙarfinsa. Ku tura wa 'yan'uwa da abokai, musamman matasan da tauraruwarsu ke haskawa yanzu.