Dashen Dawa da Komawar Barnaba Makarantar Soja

Akwai wani manomi a wani ƙauye, yana da ɗa mai suna Barnaba. Allah ya ba yaron tsawo da faɗin ƙirji, ya kuma ba shi ƙafa, domin tun yana ƙarami in akuya ta tsinke igiya shi ake kira. Da ya girma ya nemi shiga makarantar horar da hafsoshin soja, aka kuwa ɗauke shi. Ranar da labarin ya iso mata suka yi ta guɗa, ran Lahadi aka yi addu'ar godiya a majami'a. Tun daga nan ba wanda ya ƙara kiransa Barnaba a ƙauyen, sai Janar. Shi ma sunan ya yi masa daɗi, har in an kira shi da wanda ubansa ya raɗa masa sai ya yi kamar bai ji ba.

A makaranta kuwa, in gudu ne shi ne gaba. In fareti ne, da shi ake misali. Katangar filin horo da wasu ke hawa suna nishi, tsalle ɗaya yake yi ya haye ta. Amma da an shiga aji an buɗe littafin lissafi, ko an shimfiɗa taswira a kan tebur, sai barci ya zo gaishe shi. In abokansa suka ce ya zo su yi bita, sai ya ce, "Soja da ƙafa yake yaƙi, ba da biro ba."

To, makarantar tana da al'adarta. Ɗan ajin baya dole ne ya ƙame ya sara wa ɗan ajin gaba duk inda suka haɗu, na gaba kuma yana da ikon hora na baya. A ajin da ke bin na su Barnaba akwai wani ɗan gajere siriri mai suna Zakka, kullum da littafi a hammata. Barnaba ya sa masa ido. Ba laifin tsaye ba na zaune, da ya hango shi sai ya daka masa tsawa, ya sa shi kama kunne ya yi tsallen kwaɗo daga ɗakin cin abinci har ɗakin kwana. Zakka ya yi ta yi, bai taɓa ɗaga ido ba.

Sai jarrabawar ƙarshen shekara ta biyu ta zo. Ana gobe za a fara Barnaba ya karkaɗe ƙurar littattafansa, amma ba a fafe gora ranar tafiya. Lissafi ya kayar da shi warwas. Saura jarrabawar taswira. Aka kai shi daji, aka ba shi mutum goma da taswira da kamfas, aka ce ya kai su kan wani tsauni kafin tsakar rana. Ya ninke taswirar ya cusa a aljihu, ya ce, "Ni da aka haifa a daji, takarda ce za ta nuna mini hanya?" Ya shige gaba, suka bi shi. Sai da la'asar ta yi sakaliya suka ɓullo, jiƙe da gumi, a bakin kasuwar wani ƙauye, daidai gaban wata tsohuwa mai tuyar ƙosai. Tsohuwar ta dube su da bindigoginsu, ta ce, "'Ya'yana, yaƙin ya iso nan ne?" Tsaunin kuwa yana can bayansu, da kyar ake hango kansa.

Kafin a tafi hutu aka miƙa masa takarda. An mayar da shi ajin baya, zai maimaita shekara. In ya sake faɗuwa, an sallame shi ke nan. In kuma bai dawo ranar Litinin ta farkon wata mai kamawa ba, za a soke sunansa.

Ba maimaita karatun ne ya fi ci masa rai ba. Abin da ya tsaya masa a wuya shi ne, abokan da suka shigo tare yanzu shi zai riƙa ƙamewa yana sara musu, kuma benci ɗaya zai zauna da Zakka. Ga mutanen ƙauye da Janar ɗinsu. Ya ninke takardar ƙanƙanuwa, ya tura ta can cikin takalminsa, ya kama hanyar gida yana takawa a kanta.

Kwana uku da zuwansa uban ya lura. Mutumin da ke tashi da malmala uku, ga shi ɗaya ta gagare shi. In yara suka biyo shi suna "Janar, Janar," sai ya shige ɗaki. Da safe uban yana gyara ƙotar fartanya a ƙofar gida, Barnaba ya zo ya tsuguna.

Ya ce, "Baba, aikin sojan nan ya fita raina. Zan zauna in taya ka noma."

Uban ya ce, "Madalla, gona ba ta ƙin hannu. Amma me ya kore ka?"

Barnaba ya yi ta kewaye-kewaye. Da ya ga ba mafita, sai ya cire takalmi ya zaro takardar, ta yi laushi don gumi. Ya karanta, ya fassara masa kalma kalma. Uban ya saurara har ƙarshe. Sa'an nan ya dubi sama ya ce, "Hadarin nan zai zubar. In an yi ruwa, gobe akwai dashe."

Aka kuwa yi ruwa. Washegari suka shiga gonar dawa, ƙasa ta jiƙe sharaf. A wasu ramuka dawa ta fito huɗu huɗu tana matse juna, a wasu kuwa ba abin da ya tsiro, sai gurbi. Uban ya sunkuya inda ta yi yawa, ya tumɓuke guda mai kyau kore shar, ya kama ganyenta ya datse rabi da wuƙa. Ya huda ƙasa a gurbin da sanda mai tsini, ya sa ta, ya danne da diddige.

Barnaba ya yi dashe tun yana yaro, amma bai taɓa tsayawa ya duba ba sai ran nan. Tausayin dawar ya kama shi. Ya ce, "Haba Baba, ka raba ta da 'yan'uwanta, kuma ka bi ta da aski?"

Uban ya ce, "Saiwarta ba ta kama ƙasa ba tukuna. In na bar mata ganyen nan duka, shi zai shanye ta. Rana ɗaya ta isa ta busar da ita."

Suka yi ta dashe har rana ta take. Bayan kwana uku Barnaba ya zagaya gonar, ya tarar da dashen duk ya langaɓe ya kwanta, sauran dawar kuwa tana tsaye tana kaɗawa. Ya dawo ya ce, "Baba, wahalar banza muka sha, duk ta mutu." Uban ya ce ya ƙara kwana uku. Da ya koma, sai ga wani ɗan sabon ganye ya leƙo daga tsakiyar kowace, tsaye kyam kamar mai jiran a duba fareti. Ya tsuguna yana kallo. Bai ji zuwan ubansa ba sai da ya yi magana a bayansa.

"Takardar nan da ka karanta mini, ban ji inda ta ce an jefar da kai ba. Na ji ta ce an sake maka gurbi."

Iyakar abin da ya faɗa ke nan, ya wuce abinsa.

Ran Lahadi bayan sujada, mutane suka taru a ƙofar majami'a suna gaisawa, wani ya ɗaga murya, "Janar, yaushe za a koma?" Barnaba ya ji kamar ƙasa ta tsage ya shige, amma ya daure ya ce, "Barnaba ne sunana. Na faɗi jarrabawa, an mayar da ni baya. Gobe zan koma in maimaita." Sai wata dattijuwa daga cikin mata masu zumunta ta ce, "To, sai me? Allah ya kai ka lafiya, ɗana." Aka ce amin, kowa ya kama gabansa. Abin da ya hana shi cin tuwo mako biyu, ashe bai kai a tsaya a kansa ba.

Litinin da rana ya isa ƙofar makaranta. Wanda ke tsaron ƙofa kuwa abokin ajinsa ne na da, wanda Barnaba ya saba bari a baya wajen gudu. Hannun Barnaba ya yi nauyi kamar an ɗaura masa dutsen niƙa. Ya dai buga ƙafa, ya ƙame, ya sara. Abokin ya amsa, ya ce, "Barka da dawowa," ya rubuta sunansa.

Da ya shiga ɗakin kwana, sai ya ga gadon da aka ba shi yana jikin na Zakka. Zakka na ganinsa ya zabura ya ƙame, don jiki ya saba. Can ya tuna, ya saki jiki, ya koma ya zauna.

Mako guda Barnaba yana kokawa da taswira shi kaɗai. Ya juya ta sama, ya juya ta ƙasa, layukan nan sai ƙara cakuɗewa suke. Ya san wanda ya fi kowa ganewa a ajin, ya kuma san abin da ya shuka a wurinsa. Ran Asabar da hantsi, ɗaki cike ana goge takalma, ya ɗauki taswirar ya tsaya a gaban Zakka.

Ya ce, "Zakka, ka koya mini. In na sake faɗuwa, kora ce."

Zakka ya dube shi daga sama har ƙasa, ya ce, "Oga, ai ladan malami tsallen kwaɗo ashirin ne."

Ɗaki ya kwashe da dariya. Amma Barnaba ya ajiye taswira, ya tsuguna, ya kama kunnuwansa, ya fara. Ɗaya, biyu, uku. Dariyar ta ɗauke. Zakka ya yi wuf ya riƙe kafaɗarsa, ya ce, "Kai, tashi, wasa nake yi!"

Barnaba ya ce, "Ni ba wasa nake ba. Na zalunce ka ba gaira ba dalili. Ka gafarta mini."

Zakka ya miƙa masa hannu ya ɗaga shi. Ya ce, "Na gafarta. Amma katangar nan ta filin horo ta kusa sa a kore ni nima. Ka koya mini ita, in koya maka taswira."

Haka suka yi ta yi, dogo da gajere, har aka riƙa tsokanarsu ana ce musu taɓarya da turmi. Da jarrabawa ta zagayo, Barnaba ya kai mutanensa kan tsaunin nan tun rana ba ta kai tsaka ba, lissafi ma ya haye. Zakka kuwa ya haye katanga, ko da yake sai da ya bar fatar gwiwarsa a can. Da aka ba su hutu suka je kasuwar ƙauyen nan suka ci ƙosan tsohuwar, amma wannan karon da taswira suka je.

Ranar faretin yaye su ta zo shekara guda bayan ta abokansa na farko. Aka liƙa wa Barnaba anininsa na hafsa a kafaɗa. Da aka watse, sai ga ubansa ya kutso cikin taro da wani ƙunshi a tsumma. Ya kwance, sai ga zangarniyar dawa, cike taf, har ta ranƙwafa don nauyi.

Ya ce, "Jikar dashen nan ce, a cikinsa na zaɓi iri. Sai da sauran suka yi mako biyu da nuna kafin shi ya nuna. Amma rumbu ɗaya na zuba su, rumbun kuma bai tambaye ni wa ya riga wani ba."

Barnaba ya karɓa, hawaye da dariya suka haɗe masa. Ya ja baya taku ɗaya, ya buga ƙafa, ya sara wa tsohon.

Ga ma'anar wannan misali, ya ku ƙaunatattu. Manomin nan hoton Ubanmu ne na Sama, dawar kuwa ni ne da kai da ke. Wani lokaci yakan yarda a tumɓuke mu daga cikin tsaranmu a mayar da mu baya, ba don ya ƙi mu ba, sai don yana da gurbin da ya tanada mana. Ganyen da ake datsewa shi ne girman kai, wato sunan Janar da muke so a kira mu da shi tun ba mu kai ba. Girman kai rawanin tsiya ne. Ba faɗuwa jarrabawa ce ta kusa raba Barnaba da aikinsa ba, kunyar komawa ce. Zakka kuma shi ne ɗan'uwan da ka raina, wanda sau da yawa a hannunsa Ubangiji yake ajiye taimakonka. Durƙusa wa wada ba gajiyawa ba ne. In kuwa kai ne Zakka, kada ka bari a cika maka ashirin ɗin. Ka tsayar a na uku, domin kai ma an gafarta maka da yawa.

Na san a cikinku akwai wanda aka ce ya maimaita aji bana. Akwai wadda ta bar koyon ɗinki don an kwance mata aiki a gaban mutane. Akwai wanda ya yi tuntuɓe cikin zunubi, ya daina zuwa sujada don kada a kalle shi. Kada ka auna kanka a rana ta uku, lokacin da kake langaɓe. Ubangiji mai haƙuri ne, ya san dashe yakan kwanta kafin ya tashi. In akwai takardar da kake takawa a cikin takalminka, ciro ta yau ka karanta wa Ubanka. Sa'an nan ka tashi ka koma, tun ba a rufe ƙofa ba.