Na'urar Ilu Mai Gyaran Wutar Mota

An yi wani mutum a wani gari, shekarun baya can, wani bawan Allah ana ce masa Ilu. Sana'arsa gyaran wutar mota. Ba shi da gareji, gindin darbejiya ne da benci ɗaya. Sai wata 'yar na'ura ta hannu da ya saya da arha, mai gilashi kamar ƙaramar talabijin. In ya maƙala ta a inji, sai ta zana masa wutar filogi da koren layi, ya ga inda ciwon yake. Duk garin shi kaɗai ya iya karanta ta.

Wata Laraba da hantsi sai ga Hajiya Tabawa a tsohuwar Fijo ta marigayi mijinta. Motar nan ta girmi da yawanku, amma Hajiya ta fi ji da ita a kan gwala-gwalanta. Ga mota tana tari, tana fizga. Ga direbanta, Hambali, sai zufa yake yi.

Hajiya ta fito tana huci. "Ilu, duba mini. An ce mutumin nan sayar da fetur yake yi, ya cika tanki da kananzir. In haka ne, yau zai bar mini gida."

Hambali ya ce, "Hajiya, wallahi..."

"Rufe mini baki!"

Ku saurara, jama'a. Shekara ashirin da biyu Hambali yana tuƙa motar nan. A kanta ya yi furfura. Matarsa da 'ya'yansa bakwai a ɗakunan bayan gidan Hajiya suke zaune. In an kore shi an kore su, kuma da sunan ɓarawo.

Ilu ya buɗe gaban mota, ya maƙala na'urarsa, aka tayar da inji. Layin da ya kamata ya yi tsalle sama, sai ga shi yana nutsawa ƙasa. Ya goge gilashin da hannun riga, ya sake dubawa. Ƙasa dai yake yi. Ma'anarsa ɗaya ce: wayoyi biyu na kwayil, abin da ke ba filogi wuta, an juya su, shi ya sa wutar ta yi rauni. To wa ya ɗaura kwayil ɗin? Shi da hannunsa, mako uku da suka wuce, yana sauri zai tafi ɗaurin aure.

Nan Shaiɗan ya matso. Ya ce masa, ai ba sai ka yi ƙarya ba. Juya wayoyin a ɓoye, ka wanke kafireta kamar kananzir ne ya toshe ta, ka yi shiru. Wa ya gani? Ilu kuwa ya san bakin Hajiya. Da bakinta ta tara masa masu tsofaffin motocin garin, da bakinta za ta watsa su. Tsoro ya kama shi, tsoro na gaske.

Hajiya ta ce, "Na ji ka yi shiru. Kananzir ne ko?"

Ya dubi Hambali. Dattijon ya sunkuyar da kai, leɓɓansa suna motsi.

Ilu ya ce, "Hajiya, man nan lafiya lau yake. Ni ne na juya waya ranar da na sa kwayil. Malam Hambali ba shi da laifin komai."

"Kai? Kai da nake yabo a gari?"

"Ni ne, Hajiya. Ki yi haƙuri."

Ya gyara, mota ta tashi sumul. Kuna jiran in ce Hajiya ta yi masa kyauta? Ko kusa! Ba ta sake kawo masa mota ba, kuma kafin sati ya zagayo rabin masu zuwa wurinsa sun sauya sheƙa. Ya ji jiki ƙwarai. Amma yaran nan bakwai sun kwana a ɗakinsu, kuma har Hambali ya koma ga Allah ba wanda ya sake kiransa ɓarawo.

To, gare ku. Gaskiya ba a baki kaɗai take ba. Shirun da zai bar mai gaskiya cikin zargi, shi ma cin amana ne. Kai tela, kai malamin asibiti, ke mai riƙon gida, kowannenku akwai abin da shi kaɗai ya sani a aikinsa. Ranar da ka ga ana tuhumar wani da laifinka, kuma ba mai iya tona ka, ka buɗe baki ka ce, "Ni ne." Za ka yi asara, ban ɓoye maka ba. Amma gara ka faɗi gaskiya a nan da bakinka, kafin ranar da gaɓoɓinka za su faɗe ta. Allah Ya ba mu ikon faɗa.